Seleri a Cikin Sosej: Gyaran Nama Ne Ko Canza wa Tuwo Suna?

Duk macen da ta saba da tukunya ta san halin nama. A teburin mahauci ja ne jawur, amma da ya sha wuta sai jan ya gudu, ya koma ruwan toka ko ruwan ƙasa. Haka naman sa yake, haka na rago, haka na raƙumi. To amma ga sosej ɗin da mai shawarma ke tsagawa biyu yana jerawa a kan farantin ƙarfe. An dafa shi tun a masana'anta, an daskarar da shi, an sake gasa shi, kuma har yanzu cikinsa ruwan hoda ne kamar bai taɓa ganin wuta ba. Naman gwangwani ma haka yake fitowa. Abin da ya riƙe wannan launi wani irin gishiri ne da ake kira naitirait, wanda a Turai ake rubuta shi a jikin leda da lambar E250.

Shekara ɗari ke nan masana'antun nama suna dogaro da wannan gishiri, kuma an fi shekara hamsin ana zarginsa da hannu a ciwon daji. Da masu saye suka fara juya leda suna karanta abin da aka zuba a ciki, sai kamfanonin Amurka suka ɓullo da wata dabara a shekarun 2000. Suka ajiye gishirin masana'anta, suka ɗauko ruwan ganyen seleri da aka tsima da ƙwayoyin bakteriya. Naman ya fito da launinsa da ɗanɗanonsa, a jikin ledar kuma aka buga da manyan baƙaƙe cewa ba a zuba naitiret ko naitirait ba. Can ƙasa, da ƙananan baƙaƙe, aka ƙara da cewa ban da wanda ke cikin garin seleri tun asali.

A kan waɗannan layuka biyu ake ta kai ruwa rana har yau. Wasu na ganin an samu ci gaba, wasu na ganin ungulu da kan zabo aka yi wa mai saye.

Yadda gishirin ya shiga nama

Ba don ado kaɗai ake zuba shi ba. A shekarar 1793, a garin Wildbad da ke kudancin Jamus, mutum 13 suka kwanta bayan sun ci sosej, shida daga cikinsu suka mutu. Irin haka ya yi ta aukuwa a yankin, har wani likita mai suna Justinus Kerner ya duƙufa a kan cutar a shekarun 1820, ya bayyana yadda take farawa da dushewar gani da nauyin fatar ido, ta bi ta hana haɗiya, daga bisani ta tsayar da numfashi. Sunan cutar ma, botulizim, daga kalmar Latin mai ma'anar sosej aka samo shi. Sai a 1895 aka kama mai laifin. Wasu makaɗa a ƙauyen Ellezelles na Beljiyam sun ci naman da aka adana bayan sun yi kiɗa a wajen jana'iza, uku suka mutu, sai Émile van Ermengem ya gano ƙwayar cutar a cikin ragowar naman. Ita ce ake kira Clostridium botulinum. Ba ta son iska, shi ya sa cikin sosej da cikin gwangwani suka zame mata gida.

Tun kafin a san da ƙwayar, mahautan Turai sun lura cewa naman da aka barbaɗa wa gishirin nan da ake haɗa albarushi da shi ya fi daɗewa kuma ya fi kyan gani. Wannan gishiri naitiret ne, kuma ba shi da dangantaka da kanwar da aka sani a kasuwa, duk da cewa wasu kan haɗa su suna ɗaya. A 1891 wani masani Bajamushe, Polenske, ya nuna cewa bakteriya ce ke juya naitiret ya koma naitirait a cikin naman. A 1901 kuma John Scott Haldane na Birtaniya ya bayyana yadda iskar da ke fita daga naitirait ke manne wa sinadarin da ke ba jini da tsoka launin ja, ta kafe shi yadda wuta ba za ta kore shi ba. Da aka gane haka, sai aka ce me zai sa a tsaya jiran bakteriya? A tsakiyar shekarun 1920 Amurka ta halatta zuba naitirait kai tsaye.

Aiki huɗu yake yi: ya riƙe launi, ya ba da ɗanɗanon nan da ya bambanta sosej da dafaffen nama, ya hana kitse yin warin tsohon mai, sannan ya danne ƙwayoyin cuta. Har yau ba a samu wani sinadari guda da ke haɗa waɗannan ayyuka huɗu shi kaɗai ba.

Zargi ya taso ne daga wani ɓangaren. A 1956 masu bincike biyu a Ingila, Magee da Barnes, suka nuna cewa wani sinadari daga dangin da ake kira naitirosamin yana haddasa sankarar hanta a jikin ɓeraye. A shekarun 1970 aka gano cewa irin wannan dangi yana samuwa idan naman da ke da naitirait ya sha wuta mai tsanani, kamar wajen suya. A watan Oktoban 2015 kuma cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, da ke birnin Lyon na Faransa, ta sanya sarrafaffen nama a rukunin farko na abubuwan da aka tabbatar suna haddasa ciwon daji, tana mai cewa cin giram 50 kullum na ƙara haɗarin sankarar hanji da kashi 18 cikin ɗari. Daga nan kasuwar naman da aka ce babu naitirait a ciki ta buɗe sosai.

A cikin tankin tsimi

Yadda ake yin garin ba ɓoyayye ba ne. Seleri na cikin ganyayyakin da ke zuƙar naitiret mai yawa daga ƙasa su tara a jikinsu, kamar alayyafo da latas da bitrut. An fi zaɓensa ne don ruwansa ba shi da launi mai ƙarfi, ba kamar bitrut da zai rina naman ba. Ana matse shi, a tace ruwan, a zuba a manyan tankuna, a sa masa wata bakteriya marar cutarwa mai suna Staphylococcus carnosus, wadda masu yin sosej suka daɗe suna aiki da ita. A bar shi da ɗumi. Bakteriyar ta yi ta cin naitiret tana mayar da shi naitirait. Idan ta gama sai a busar da ruwan ya zama gari.

Da farko ma a cikin naman kansa ake yin tsimin. A kwaɓa naman da garin seleri da bakteriya, a ɗura a fata, a ajiye a ɗaki mai ɗumin da ya kai wajen digiri 40 na awa ɗaya ko biyu kafin a dafa. Daga baya masu sayar da garin suka ɗauke wa mahauta wannan wahala, suna kawo shi tsimamme. Ba a zuba shi da yawa, bai kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari na nauyin naman ba, domin idan ya wuce haka sai sosej ya fara ƙamshin miyar ganye. Ana kuma haɗa shi da garin wani ɗan itace mai suna aserola, mai yawan bitamin C, da busasshen ruwan khal, da garin sukarin da shi ma aka tsima.

Abin da aka yi, a taƙaice, shi ne komawa ga hanyar da Polenske ya gano a 1891. Bambancin kawai, yanzu a tanki bakteriya ke aikinta.

Hujjar masu goyon baya

Masu kare wannan hanya sukan fara da cewa tana aiki. Ba da baki suke faɗa ba. A Jami'ar Wisconsin, Jeff Sindelar da abokan aikinsa sun gwada a kan naman ƙirjin talotalo, suka wallafa sakamakon a 2015: idan adadin naitirait ya zo daidai, wanda aka samo daga ganye yana danne ƙwayar Clostridium perfringens, mai sa ciwon ciki da gudawa, kamar yadda na masana'anta ke yi. Launi ma haka, ɗanɗano ma haka. Mai ci ba zai iya bambancewa ba.

Hujja ta biyu ita ce, idan babu ganyen, me zai maye gurbinsa? Dokar abincin oganik ta Amurka, wato wanda aka samar ba tare da takin zamani da maganin feshi ba, ta haramta naitirait na masana'anta. Makiyayin da ya yi kiwon shanunsa a kan wannan ƙa'ida yana son ya sayar da sosej, kuma zaɓinsa biyu ne: ko ya yi amfani da seleri, ko ya fitar da nama ruwan toka wanda ba ya daɗewa kuma ba shi da kariya daga botulizim. A 2019 kwamitin da ke ba gwamnatin Amurka shawara kan ƙa'idojin oganik ya zauna a kan wannan batu, ya kaɗa ƙuri'a cewa a bar garin seleri a jerin abubuwan da aka yarda da su. Masu goyon baya na cewa da an cire shi, da kasuwar sosej ɗin oganik ta durƙushe, ko kuma an tura wasu ga sayar da nama marar kariya, wanda shi ne ya fi muni.

Ta uku kuwa, suna cewa tsoron naitirait ɗin ma ya wuce kima. Kusan kashi 80 cikin ɗari na naitiret ɗin da ke shiga cikin mutum daga ganyayyaki yake fitowa, kuma bakteriyar da ke kan harshe tana juya wani kaso nasa ya koma naitirait a cikin yawu. Wanda ya sha miyar alayyafo ya haɗiyi naitiret fiye da wanda ya ci sosej guda. Likitoci ba sa hana manya cin ganye saboda haka. Abin da ke kare mai cin ganye, a cewar masana, shi ne bitamin C da sauran sinadaran tsiro da ke hana naitirosamin haɗuwa. Idan aka haɗa garin seleri da garin aserola, in ji masu wannan ra'ayi, an kwaikwayi tsarin da Allah ya yi wa ganyen ke nan.

Hujjarsu mafi ƙarfi ma ba ta shafi naitirait ba. Tsimi yana haifar da wasu abubuwan na daban. Bakteriyar da ke sa nono tsami tana fitar da sinadarin laktik, wasu nau'o'inta kuma suna fitar da ƙananan sinadarai da ke kashe abokan gabarsu, irin su nisin da aka daɗe ana sa wa a cuku. Waɗannan su ne makamai a kan Listeria, ƙwayar da ta fi addabar naman da ake ci ba tare da an sake dafawa ba, domin ita sanyin firji ba ya hana ta yaɗuwa. Afirka ta Kudu ta ga ɓarnarta tsakanin 2017 da 2018, lokacin da wani sosej mai araha da ake kira poloni, daga wata masana'anta a Polokwane, ya kwantar da mutum sama da dubu, fiye da 200 suka mutu, da yawansu jarirai. Ba a taɓa ganin ɓarkewar wannan cuta mai girman haka ba a duniya. Garin khal da tsimammen sukari suna rage saurin yaɗuwar ƙwayar a cikin leda, kuma a wannan fannin ba a cika jayayya ba.

A Koriya ta Kudu, inda kimchi, wato tsimammen kabeji da barkono, ba ya rabuwa da kwanon abinci, masu bincike sun daɗe suna gwada garinsa da bakteriyarsa a cikin sosej, suna kuma gwada tsimammen alayyafo da radish. Abin da suke nema ya haɗa da tsami mai daɗi, da rage ɓacin kitse, da ƙarin ɗanɗanon da zai ba da damar rage gishiri. Mutanen da suka san aikin daddawa a miya ba za su yi mamakin wannan ba. Kalwa da aka dafa, aka surfa, aka rufe kwana biyu ko uku har ta nuna, tana ba miya zaƙin da nama kaɗai ba zai bayar ba, kuma bakteriya ce ta yi aikin.

Hujjar masu suka

Masu suka ba su musanta cewa yana aiki ba. Cewa suke yi aikin nasa ma shi ne shaidarsu. Idan seleri ya riƙe launin nama ya kuma danne ƙwayar cuta, to don akwai naitirait a cikinsa ne, kuma naitirait ɗin tanki da na buhun masana'anta abu ɗaya ne, hanjin mutum bai san asalin kowanne ba. Idan na masana'anta na haifar da naitirosamin a kan kasko, na ganye ma zai haifar. Wanda ya biya kuɗi mai yawa don ya kauce masa, an gudu ne ba a tsira ba.

Tun a 2007 Joseph Sebranek na Jami'ar Jihar Iowa da James Bacus suka yi rubutu a mujallar Meat Science suna jan hankali a kan wannan ruɗani. Dokar Amurka ta daɗe tana cewa naman da ba a zuba wa naitirait kai tsaye ba, dole a rubuta a jikinsa cewa ba a gishirta shi da sinadarin adanawa ba. An yi dokar ne don a gargaɗi mai saye cewa naman ba shi da kariya, ya kula da shi. Da seleri ya shigo, sai gargaɗin ya koma talla. A 2019 ƙungiyar Consumer Reports ta gwada nau'in nama 31 daga kantuna, ta tarar cewa waɗanda aka ce babu naitirait a cikinsu ba su da wani bambancin a-zo-a-gani da sauran. A wannan shekarar ita da wata ƙungiyar kare masu saye, CSPI, suka kai koke Ma'aikatar Noma ta Amurka cewa a hana wannan rubutu. A watan Disamban 2020 sashen ma'aikatar mai kula da lafiyar nama ya amsa cewa yana da niyyar gyara ƙa'idar.

Matsala ta biyu ita ce awo. Gishirin masana'anta a auna yake zuwa. Wanda mahautan Amurka ke saye kashi 6.25 cikin ɗari ne naitirait, sauran gishirin miya ne, an kuma rina shi ruwan hoda don kada wani ya ɗauka na girki ne. Doka ta ƙayyade iyaka: miligiram 156 a kowane kilo na niƙaƙƙen nama, 120 a naman aladen da suke soyawa da safe, wanda tun 1978 aka wajabta a haɗa masa da dangin bitamin C. Ganye kuwa ba ya bin doka. Yawan naitiret ɗinsa ya danganta da iri, da ƙasa, da hasken rana, da takin da aka zuba. A farkon shigowar wannan hanya naitirait ɗin da ke shiga naman yakan gaza na al'ada, kuma binciken da aka yi a Iowa a farkon shekarun 2010 ya nuna cewa ƙwayoyin cuta sun fi saurin yaɗuwa a wasu daga irin waɗannan kayayyaki da aka sayo daga kasuwa. Masu sayar da garin sun inganta awonsu daga baya, amma masu suka na cewa ingancin ya dogara ne ga amanar kamfani, alhali na masana'anta doka ce ke tsaye a kansa.

Akwai kuma wani abin dariya da manomi zai fi kowa ganewa. Selerin da ya fi dacewa da wannan aiki shi ne wanda ya sha takin zamani ya ƙoshi, don daga takin naitiret ɗin ke fitowa. Wanda aka noma ba taki nasa ba ya da tabbas. Shi ya sa dokar oganik ta Amurka ta yi sassauci, ta yarda a zuba garin selerin da ba oganik ba a cikin naman oganik. Sinadarin da aka kora ta ƙofa ya zagayo ta gona ya shigo ta taga.

Turai ba ta bi Amurka a wannan hanya ba. Matsayin Tarayyar Turai shi ne, duk ruwan ganyen da aka zuba a nama don ya yi aikin sinadarin adanawa, sinadarin adanawa ne, dole ya bi dokarsa, kuma an sake jaddada haka a 2018. Hasali ma seleri na cikin abubuwa 14 da dokar Turai ta wajabta a bayyana su a jikin abinci, saboda akwai mutanen da jikinsu ba ya ɗaukarsa. A Faransa, inda rigimar ta kai har majalisar dokoki, hukumar kula da lafiyar abinci ta ƙasar, ANSES, ta fitar da rahoto a watan Yulin 2022 da ya tabbatar da alaƙa tsakanin naitirait da sankarar hanji, ya kuma ce ruwan ganye ba mafita ba ce ta gaskiya, domin ɓoyayyen naitirait ne. Shawarar da ake ba Faransawa ita ce kada mutum ya wuce giram 150 na irin wannan nama a mako. Abin da Turai ta zaɓa shi ne rage adadi. Ta yi sabuwar doka a 2023 da ta sauke iyakar, ta fara aiki a watan Oktoban 2025, Denmark kuwa ta daɗe da nata awon da ya fi na sauran tsanani.

Masu suka sukan rufe da misalin Parma a Italiya. Masu yin shahararren busasshen naman aladen yankin sun daina sa naitiret da naitirait tun 1993. Nama ne da gishiri da iska da haƙurin sama da shekara guda. Mai kilishi ma a kan wannan turba yake: ya yanka nama ya yi siriri kamar takarda, ya shanya a rana, ya tsoma a labu, ya sake shanyawa, ya ɗan gasa. Ya raba naman da ruwa, ƙwayar cuta ta rasa wurin zama. Ashe akwai hanyar adana nama da ba ta buƙatar naitirait ko na tanki ko na buhu.

Da aka ɗora a sikeli

Misalin Parma da kilishi yana da iyaka. Dukansu busasshen nama ne. Sosej ɗin shawarma da yankakken naman talotalo da ake sa wa a burodi ɗanyen ruwa ne a jikinsu, an kuma rufe su a leda ba iska, za su yi makonni a firji. Wanda ya ce a cire musu naitirait gaba ɗaya sai ya faɗi abin da zai tsaya a madadinsa, ko kuma ya yarda a rage kwanakin ajiyarsu. A wurin da wutar lantarki ke zuwa tana ɗaukewa, firji ya yi sanyi da dare ya narke da rana, wannan kariya ba abin wasa ba ce. A nan masu goyon baya suna da gaskiya: naman da aka kare da seleri ya fi naman da ba a kare da komai ba.

Hujjarsu ta miyar alayyafo ce ba ta tsaya da ƙafafunta sosai ba. Mai shan miya ganyen yake ci ɗungurungum, da bitamin ɗinsa da dusarsa. Abin da ke shiga sosej kuwa ɗan gari ne da aka riga aka juya, ya haɗu da furotin da sinadarin jan nama, sannan ya hau wuta. Wannan haɗuwa ita ake zargi, kuma tana nan ko daga ina naitirait ɗin ya fito. Ban da haka, sarrafaffen nama na ɗauke da gishiri mai yawa da kitse, wani kuma an yi masa hayaƙi. Seleri bai taɓa ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Irin wannan gardama ba baƙuwa ba ce a ɗakin girkin Hausa. An daɗe ana cewa daddawa ta gargajiya ce, farin magi kuwa sinadari ne. Amma abin da ke ba daddawa zaƙinta, wato gulutamet, shi ne dai ke cikin farin magi, wanda Kikunae Ikeda na Japan ya ware shi daga ciyawar teku a 1908, kuma yau ta hanyar tsima ruwan rake ko sitaci da bakteriya ake yin sa. Daddawa ta fi shi da furotin da ƙamshi da wasu abubuwan gina jiki, wannan gaskiya ne, kuma ya isa dalilin zaɓenta. Sai dai wanda ya ɗauko daddawa ya ce babu gulutamet a cikinta ya faɗi abin da ba haka ba.

Haka lamarin seleri yake. Tambayoyi biyu ne aka cakuɗa. Ta farko: shin tsimammen ganye na iya gyara nama? Amsar e ce, musamman ta fuskar tsami da ɗanɗano da yaƙi da Listeria, inda ba a ɓoye wa kowa komai ba. Ta biyu: shin ya fi gishirin masana'anta lafiya ga hanji? Gwajin Wisconsin da masu goyon baya ke tinƙaho da shi ya nuna cewa abu ɗaya ne ke aiki a dukansu, don haka wanda ya karɓi amfanin sai ya karɓi illar tare. Laifin ba na ganyen ba ne, na rubutun da ke jikin leda ne, kuma a nan matsayin Turai ya fi kusa da adalci: a kira shi da sunansa, a auna shi da awo ɗaya, a rage shi iya yadda za a iya ba tare da an buɗe wa botulizim ƙofa ba.

Kamfanin da ke son amfani da seleri ba abin da ya hana shi. Abin da ake bin sa shi ne ya rubuta cewa an adana naman da naitirait daga seleri, ya faɗi adadin, ya haɗa da bitamin C kamar yadda ake wajabta wa wasu, ya kuma daina karɓar kuɗin da ya ɗora a kan alkawarin da bai cika ba. Mai saye a babban kanti, a Chicago yake ko a Abuja, idan ya juya leda ya ga garin seleri, ko ruwan bitrut, ko tsimammen ruwan ganye a jerin kayan haɗi, to sosej ne mai naitirait ya riƙe a hannunsa, kuma shawarar giram 150 a mako ta hau kansa kamar yadda ta hau kan na kusa da shi a kanta, mai lambar E250.